Sandar Jin Ruwa

2 ga wata

Daga Mai Girma Shugaban Hukumar Ruwa ta Yanki baki ɗaya, bene na sama, ɗakin da ke da fanka biyu.

Zuwa ga tsohon ma'aikacinmu da ake kira Injiniya, mai kula da injin tafkin wanka a babban otal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya gajiya, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya ƙalau muke, ni da mataimakana goma sha huɗu, sai ɗan ciwon baya irin na masu zama a kujera mai juyawa.

Amma ba'adu. Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu a takardar da aka yago daga littafi. 'Yan adawa sun sa wa injin buga takardu na ofis ido, hatimi kuma yana wurin gyara.

Ka sani gwamnatin yanki ta kawo sabon tsari kan ruwan da ke fitowa daga babban dam zuwa garuruwa uku, ga kuma zaɓe ya matso. Majalisa ta rabu. Akwai 'yan Mita, masu cewa a ɗaura wa kowane famfo mita, jarka biyar na farko kyauta kullum, abin da ya haura a biya. Akwai 'yan Dunƙule, masu cewa kowane gida ya biya kuɗi ɗaya duk wata, ko ya sha ko bai sha ba, ko ruwan ya zo ko bai zo ba. Akwai wasu kuma masu cewa a miƙa wa kamfani komai. Su ba su da yawa, sai dai motocinsu sun fi na kowa kyau. Ni kaina na saurari muhawarar a rediyo sau uku, kuma duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake ganin ya fi gaskiya.

Da suka kasa shiryawa, sai suka shirya a kan abu ɗaya: kowane mai famfo ya sabunta rajista, ya zaɓi Mita ko Dunƙule, kafin ƙarshen wata mai zuwa. Wanda bai yi ba a toshe bututunsa. To, famfon gidan mahaifiyarka da sunanka yake, tunda kai ka ja shi da hannunka. Ƙanwarka ta zo ofis sau biyu, an ce mata sai mai suna.

Hukuma ta binciko cewa an rubuto maka wasiƙa uku daga gida a kan wannan magana, ba ka amsa ko ɗaya ba. Hukuma ta kuma san gwiwar tsohuwa ta hagu ba ta ɗaukar ko buta, kuma in an toshe famfon sai an tsallake kasuwa kafin a samu inda ake sayar da ruwa. Mutum bakwai ne a gidan. A cikinsu akwai wani yaro mai hankali da ladabi, ɗan ƙanwarka, wanda duk unguwa ke yabo. A wuyansa jarkokin za su ƙare, abin tausayi.

Ga fom nan na haɗo. Ka sa hannu inda na ɗiga tawada. Ka ba direban motar kaya da ya kawo maka wannan, wanda ake ce wa Gajere, zai ajiye a rumfar mai facin taya da ke bakin tasha. Ofishin sirri ne na Hukuma.

Muna da hotonka a fayil, tun kafin sanƙo ya yi nisa. Allah ya tsare sauran.

Wassalam.
Shugaba

9 ga wata

Zuwa ga Mai Girma Shugaba.

Ranka ya daɗe, amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, Allah ya ba da lafiyar bayan. Ni ma lafiya, sai tari da ƙamshin maganin tafki ke tayar mini. Da na aiko maka lambar waya, to wayata ta faɗa cikin tafkin wata biyu da suka wuce.

A ɗakin inji na karanta takardarka, na rufe ƙofa na karanta sau uku. Rubutunka irin na wanda ya riƙe allo ne, na ce alhamdulillah, an samu shugaba mai tsoron Allah. Shekara tara ke nan ba wanda ya tuna da ni daga wannan bene. Wataƙila ba a gaya maka yadda na bar aiki ba. A taron ma'aikata na miƙe na faɗi wata magana, aka yi mini dariya, bayan wata ɗaya aka ce na tsufa. Ina da shekara arba'in da shida a lokacin.

Fom ɗin nan, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ban sa hannu ba. Ba taurin kai ba ne. Duka biyun ba su san abin da suke sayarwa ba.

In ruwa ya ɗauke kwana biyu ya dawo, iska ce ke fara zuwa ta bututu, kuma mita ba ta bambance iska da ruwa. Jarka biyar ɗin kyauta za su ƙare tsohuwa ba ta ga ɗigo ba. Shi kuma Dunƙule, gidan da ke kan tudu, wanda ruwa ke kai masa sau biyu a mako, zai biya daidai da mai wankin mota na gangare. Wannan ba adalci ba ne, wancan ma ba shi ba ne.

Ga maganar da aka kore ni a kanta. Cikin kowane duro goma da ke baro dam, huɗu ba sa isa famfon kowa. A ƙasa suke zubewa. Wurare uku ne, babban cikinsu shi ne inda babban bututu ya yi kwana a bayan tsohon gidan mai, gindin itacen nan da ba ya bushewa ko da rani. Ba wanda ya taɓa tambayar me yake sha. Ba sai an sayo na'ura ba. A samu sandar ƙarfe mai kan katako, a kafa tsininta a ƙasa, a ɗora kunne a kan katakon, da sassafe kafin motoci su fara. Bututu mai lafiya shiru yake. Mai ciwo huci yake. A gyara waɗannan ukun tukuna, sannan a zauna a yi gardamar farashi, za a ga rabin gardamar ta mutu da kanta. Na zana taswira a bayan takardar jerin abincin otal, ga ta nan.

Maganar gida kuwa, ranka ya daɗe, ka bar ta. Na fita ina cewa ba zan dawo ba sai an ce na yi gaskiya. Magana zarar bunu ce. Duk wasiƙun suna nan cikin akwati, kunyar amsawa ce ta yi mini yawa.

Sai dai abu ɗaya. Yaron da aka ce maka mai hankali da ladabi, in dai Tsinke ake nufi, an yi wa Hukuma ƙarya. Yana shekara takwas ya sa mini kwaɗo a takalmin aiki. A binciki wanda ya kawo rahoton.

Naka mai biyayya,
Injiniya

16 ga wata

Daga Shugaba, bene na sama.

Zuwa ga Injiniya, gaisuwa da fatan tari ya yi sauƙi. Bayana dai sai a hankali, likitocina uku sun ce in rage juyawa.

Takardarka ta iso, na buɗe da sauri ina neman sa hannu, sai na ga jerin abinci. Na daɗe ina duba taswirar da kwamiti kafin wani ya lura a kife muka riƙe ta. Yanzu mun miƙar da ita, kuma mun gane itacen. Maganar iska a cikin mita ta ɗaure mini kai ƙwarai, domin wani masani da ke aiki a ofishinmu na sirri ya ce shi sayar da iska ne sana'arsa, bai ga laifinta ba.

Game da yaron, Hukuma ta sake bincike. An tabbatar kwaɗon da kansa ya shiga takalmin, yaron rakiya kawai ya yi masa. A rufe wannan fayil.

Injiniya, abubuwa sun ƙara cakuɗewa a nan. 'Yan Mita sun ce jarka biyar ɗin ba na gida ba ne, na kowane kai ne, sai washegari wani babbansu ya fito a rediyo ya ce na gida ne, amma gidan da bai wuce mutum shida ba. Naku bakwai ne. 'Yan Dunƙule sun rabu biyu, masu cewa a dunƙule da kuɗin shara da masu cewa a'a. Mutanen garin da ke kusa da dam sun ce su ba za su biya daidai da na nesa ba, tunda ruwan a ƙofarsu yake kwana. Na nesa sun ce su ne ya kamata a rage wa, tunda ruwan a gajiye yake iso musu. Jiya a wurin mai aski an kusa ba hammata iska, kuma duka mutum biyun jam'iyyarsu ɗaya. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne ranar toshe bututu.

Don haka ina roƙonka, ka zaɓi kowanne. Rufe ido ka ɗora biro. Bayan zaɓe ai duk za a sake.

Amma kada ka ɗauka ba a ji maganarka ba. Wallahi ka yi gaskiya, waɗanda suka yi maka dariya ba su san komai ba. Irinka Hukuma take nema ta rasa. Da kana kusa, kujerar da ke gefena taka ce, ƙofata kuma a buɗe take gare ka kowace rana. Sa hannu kawai, Injiniya. Ga wani fom ɗin, ko wancan ya jiƙe.

Wassalam.
Shugaba

27 ga wata

Zuwa ga ƙanwata, Uwar Tsinke.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna gaisuwar ɗan da ya san bai kyauta ba. Ya gwiwarta? Ya maigidanki, ya yara? Ni lafiya lau. Na san za ki juya takardar nan ki duba ko da gaske daga gare ni take. Daga gare ni take. Wasiƙunki uku sun same ni. Ki yafe mini, ki roƙar mini Inna.

Kwana goma ina ɗauke da wani labari a ciki, na kasa gaya wa kowa sai injin tafki. Shugaban Hukumar Ruwa da kansa ya rubuto mini, har sau biyu. Ya ga taswirata. Da hannunsa ya rubuta cewa na yi gaskiya, da rantsuwa, ya ce kujerar da ke gefensa tawa ce. Manya ba sa faɗin abu kai tsaye, amma mai hankali ishara ta ishe shi. Ban san ko mai ba da shawara za a kira ni ba ko mataimaki, ni ko me aka kira ni na yarda, in dai za a bar ni in tona gindin itacen nan.

Na riga na gaya wa manajan otal zan tafi. Ya ce in yi tunani, shekara tara ban taɓa fashi ba, mutum irina ba ya samun wani aikin da sauƙi a shekaruna. Na ce masa gida ne ya kira. Zan koya wa sabon mutum injin, sannan in taho. In Allah ya yarda ina sauka ranar ashirin da bakwai ga wata mai kamawa.

Kada ki damu da maganar famfo. Ba zan aiko da fom ta hannun direba ba kamar wani ɓarawo. Daga tasha kai tsaye ofis zan wuce, da akwatina, in hau benen nan da aka sauko da ni, in sa hannu a gaban Shugaba. Daga nan sai in shigo gida in durƙusa gaban Inna da abin da zan gaya mata. Na ɗinka riga sabuwa.

Ki duba mini sandata ta ƙarfe, mai kan katako, in ba a sayar wa masu gwangwan ba. A bayan ƙofar Inna na bar ta.

Tunda idonki ba ya son ƙananan rubutu, ki sa Tsinke ya karanta muku, in zai iya karantawa ba tare da ya ƙara gishiri ba. Ki gaya masa an kai ƙararsa sama, amma Shugaba ya kare shi. Ban san inda ya samo irin wannan gata ba.

Yayanki

3 ga wata

Daga Shugaba. Gaggawa.

Injiniya, gaisuwa. Lafiya ba lau ba.

Labari ya iso Hukuma cewa kana shirin barin aikinka. Kada ka bari. Ka koma wurin manaja yanzu ka ce wasa kake yi. Kujerar da na faɗa an kai ta gyara tare da hatimi, kafinta ya ce za ta daɗe. Kada ka zo ofis. Ni ma ba na zuwa sosai, in ka zo ba za ka same ni ba, in ka same ni ma ba lallai in gane ka ba, saboda aiki ya yi mini yawa. Maganar da na rubuta a wancan karon ka ɗauke ta kamar gaisuwa. Ai in an ce wa baƙo gida gidanka ne, ba ɗauko katifa yake yi ba.

Ka sa hannu ka ba Gajere. Don Allah, don Annabi.

Shugaba

15 ga wata

Zuwa ga Mai Girma Shugaba.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Takardarka sai jiya ta same ni, motar Gajere ta karye a hanya ta yi kwana takwas. Ta tarar na riga na miƙa makullan ɗakin inji. Katifar ma na sayar, da fanka.

Na karanta, kuma na gane. Da ganin rubutun a gaggauce ka yi shi. Waɗanda suka kore ni suna nan a ofis, sun ji labari, sun matsa maka, ga zaɓe a gaba. Shi ya sa kake cewa ba za ka gane ni ba. Kada ka ji komai, ni ma zan yi kamar ban san ka ba har sai an rufe ƙofa. Kujera kuwa ko ba ta dawo daga wurin kafinta ba, ni mai aikin tsaye ne.

Na gudu sau ɗaya, ranka ya daɗe, na ga abin da gudu ya saya mini. Sai ranar ashirin da bakwai.

Naka,
Injiniya

21 ga wata

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ka. Kaka tana gaishe ka, gwiwar da sauƙi. Umma lafiya, yara lafiya. Ni ne dai ba lafiya ba, kwana ashirin ke nan.

Kawu, ka zauna in kana tsaye. Babu bene, babu fanka biyu, babu mataimaka goma sha huɗu. Ni ne. Tsinke ne. Duk takardun Shugaba ukun ni na rubuta su a kan cinyata, a rumfar maigidana mai facin taya, inda nake koyon aiki. Masanin da ke sayar da iska shi ne. Kwamitin da ya riƙe taswira a kife ni ne da yaron mai gyaran birki.

Ga yadda aka yi. Umma ta dawo daga ofis karo na biyu ta zauna a bakin famfo. Na ce mata ni zan sa Kawu ya amsa cikin mako ɗaya, ta ce in iya bakina. Ni a tunanina za ka ga sunan Shugaba ka tsorata ka sa hannu, in kai wa Umma fom in yi ta yi mata dariya. Ko kuma ka gane ni tun daga maganar sanƙo, ka aiko da zagi, zagin ma ai amsa ce. Ban san shekara tara kana jiran takarda daga wannan bene ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalilin tafiyarka, cewa ake yi kawai aiki ya kai ka.

Ranar da wasiƙarka ta zo wa Umma, ni aka ba in karanta. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, ragewa ma na so in yi. Kaka ta sa na maimaita wurin da ka ce za ka durƙusa gabanta har sau uku. Tun daga ranar take share ɗakinka. An fitar da buhunan da ke ciki, an wanke labule, an yi shanyar tabarma. Duk wanda ya shigo sai ta gaya masa ɗanta zai zauna gefen Shugaba, ni kuma ina tsaye riƙe da tsintsiya.

Na yi ƙoƙarin tsayar da kai, ka ga abin da ya faru. Duk abin da Shugaba ya faɗa sai ka ji wani abu dabam. Da na karanta ta ƙarshe na rasa inda zan sa kaina, sai na tuna sandar. Tana nan a bayan ƙofa, ba a sayar ba. Kaka ce ke goge ta da mai kada ta yi tsatsa, ni duk zamana na ɗauka ta korar ɓeraye ce. Da gari ya waye na ɗauke ta na tafi bayan tsohon gidan mai. Na ce in na ji shiru, to Kawu ma mai ƙirƙira ne irina, mun yi canjaras, zan samu bakin magana. Na kafa ta can nesa da itacen, shiru. Na matso, shiru. Na kafa ta a gindinsa na ɗora kunne.

Kawu, huci yake. Kamar taya in an nutsa ta a ruwa ana neman ƙusa, amma babba, har cikin haƙorana nake ji. Na daɗe a wurin, har mai share titi ta tambaye ni ko ƙasa nake yi wa gwajin ciki.

Shekaranjiya aka yi muhawarar 'yan takara a zauren makarantar unguwa, sai na tafi da sandar da taswirar. 'Yan Mita a dama, 'yan Dunƙule a hagu, masu kamfani a gaba inda fanka take. Awa biyu ana jarka biyar, jarka shida, na kai, na gida. Da aka ba jama'a dama na miƙe. Na ce ni mai faci ne, kuma a rumfarmu in taya tana sacewa ba ma zama mu yi gardamar kuɗin iska, ƙusar muke fara cirewa. Na faɗi maganar duro huɗu cikin goma, na ɗaga taswirar, wannan karon a miƙe. 'Yan Dunƙule suka yi tafi don na ce mita tana ƙirga iska. Da na zo kan gidan tudu da mai wankin mota sai suka daina, 'yan Mita suka ɗauka. Wani ya ce a tambaye ni wa ya turo ni. Mai gabatarwa ya ce in faɗi ɓangarena, Mita ko Dunƙule, na ce ban sani ba. Aka yi dariya, aka karɓe lasifika. Ina jin irin dariyar da aka yi maka ce, yanzu na san ɗanɗanonta.

Shugaban na gaske yana wurin. Ɗan siriri ne mai tabarau, yana ta duba agogo. Na tare shi a bakin ƙofa na faɗi sunanka, ya ce bai san ka ba, bara aka kawo shi. Gara ka ji wannan daga bakina da ka ji shi a saman bene da sabuwar riga. Wata mata dai daga ofishinsu ta bi ni waje ta kwafi taswirar a littafinta, ta tambayi wane itace, ta ce za a duba. Ban sani ba ko za a duba ɗin ta gaske ce ko irin tawa.

Jiya na gaya wa Umma da Kaka komai. Umma ta cire takalmi, na tsaya ban gudu ba, sai ta rasa yadda za ta yi ta mayar da shi ƙafa. Ta yi ta faɗa cewa na raba dattijo da abincinsa, kuma gaskiyarta. Kaka ta juya ta kalli famfo. Na ɗauka cewa za ta yi a mayar da buhuna ɗaki. Sai ta ce, "Shekara tara ina aika masa gaskiya bai zo ba. In ƙarya ce ta ɗauko shi, a bar mata ƙofa a buɗe." Ta ce in gaya maka ita ba gefen Shugaba ta haifa ba, kai ta haifa, kuma in ka ji kunya ka juya daga hanya, to famfon ma a toshe shi, ba ta so.

Aikinka na otal ni na kashe shi, ba ni da abin da zan biya ka. Abin da na iya shi ne na roƙi maigidana. Ya ce injinan jan ruwa da suka lalace a unguwar nan sun fi ƙarfin mutum biyu, kullum ana zuwa ana tambayarsa mai gyara, kuma akwai fili a gefen rumfa. Abu biyu a takardun can ba ƙarya ba ne. Na ce ka yi gaskiya, a lokacin daɗin baki ne, yanzu kunnena ya shaida. Na kuma ce kujerar da ke gefena taka ce. Benci ne, Kawu, ƙafa ɗaya an tokare ta da bulo, amma taka ce.

Fom ɗin har yanzu ban san wanne ya kamata a zaɓa ba. Umma ta ce Mita, Baba ya ce Dunƙule, Kaka ta ce wanda ruwa zai fito. Kwana uku za su rage in ka sauka, kuma ofishin rajista a ƙasa yake, wata 'yar taga ce kusa da mai gadi, ba sai an hau bene ba.

Gajere ya rantse zai kai maka wannan kafin ka taso, amma na san motarsa. Don haka daga ranar ashirin da biyar kullum ina bakin tasha, tun motar farko har ta ƙarshe. Kada ka wuce ofis. Ba za ka gane ni ba, na yi tsawo, sai dai ban yi ƙiba ba. Ka nemi wanda ke riƙe da sandar ƙarfe mai kan katako. Biro yana aljihuna. In da sandar za ka duke ni na yarda, amma ka fara sa hannu, kada hannun ya gaji.

Ɗanka Tsinke, wanda bai taɓa hawa bene ba.

Kwaɗon ma ni na sa shi. Ba rakiya ba ce.